Takarda na yawo, ruwa na gudu

Shugabannin wannan zaure sun ce a wannan makon alƙalami a hannuna yake, kuma sun bar mini zaɓin abin da zan rubuta a kai. Yawancinku kun san ni da gajerun labarai, amma sana'ar da nake ci da ita daban ce. Ni injiniyan muhalli ne. Aikina zana matatun gurɓataccen ruwa na masana'antu, da rubuta rahoton da hukuma ke nema kafin ta yarda a aza tubali. Na sha ganin ana kukan masu bitar littafi a nan, wannan ya ce an yi wa labarinsa kaca-kaca, waccan ta ce an riƙe mata rubutu wata shida ba amsa. To, mu ma muna da namu masu bitar, kuma a kansu zan yi magana. Idan aka riƙe littafi, marubuci ne ke kwana da takaici. Idan aka riƙe rahotonmu, akwai rafin da ke ci gaba da shan dafi kowace safiya.

Bari in fara da abin da ya haifi masu bitar, don kada wani ya ɗauka ina cikin masu cewa a soke su. A 1988 aka gano dubban ganguna na shara mai guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a wani fili a Koko, ƙaramin garin tashar jiragen ruwa a tsohuwar jihar Bendel, wanda yanzu yake cikin jihar Delta. A lokacin ƙasar nan ba ta da wata hukuma ta musamman mai kula da muhalli. Kunyar abin da fargabarsa suka sa gwamnatin Janar Babangida ta yi doka mai tsanani a kan shara mai guba, ta kuma kafa hukumar FEPA kafin shekarar ta fita. A 1992 aka yi doka mai lamba 86, wadda ta ce duk wani babban aiki, na gwamnati ko na 'yan kasuwa, sai an auna illar da zai yi wa muhalli kafin a fara shi. Wannan awon shi muke kira EIA a bakin aiki. A 1999 FEPA ta narke cikin sabuwar Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, a 2007 kuma aka kafa NESREA don tilasta bin ƙa'idoji.

Mu na wannan yanki ma ba sai mun je Koko neman hujja ba. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa Gorge a 1992, kuma duk wanda ya san Haɗeja da Nguru ya san abin da ya biyo baya: ambaliyar shekara-shekara da ke ciyar da fadamu ta ragu, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoma da makiyaya suka shiga rububin abin da ya saura. Ana buƙatar mutumin da aikinsa kawai shi ne ya tsayar da mai gini ya tambaye shi, na ƙasa da kai fa, me za su sha? Mai bita kenan, in har yana aikinsa. Don haka tsananinsu bai taɓa damuna ba. Abin da ke ci mini rai shi ne yawancin abin da ake tsanantawa a kai ba ruwansa da ruwan. An bar jaki ana dukan taiki.

Aikin da ya fi tsaya mini a rai na wata masana'antar jima ne a Kano. Ba zan faɗi sunanta ko unguwarta ba, ofishin da ya duba mana rahoto ma zan bar shi ba suna. Mai masana'antar, wanda zan kira Alhaji kawai, yana son ƙara mata girma, ya ƙaro gangunan jima, kuma cikin aikin akwai matatar ruwa, abin da masana'antar ba ta taɓa samu ba tun da aka gina ta, in ban da wasu ramuka biyu da suka daɗe da cika. Ku riƙe wannan, domin a kansa komai ya rataya: tsohon ɓangaren yana aiki, yana zubar da ruwansa a kwata kullum, kuma matatar da za ta tare wannan ruwan ita ce ke jiran sa hannu.

Jimar da iyayenmu suka sani ta toka ce da bagaruwa. Tana da wari, amma abin da take zubarwa ƙasa na iya cinye shi. Jimar masana'anta ba haka take ba. Fata na zuwa da gishirin da aka adana ta da shi, sai a jiƙa ta a wanke. Sannan a sa ta cikin ruwan farar ƙasa da wani sinadari mai suna salfayid don gashin ya zube. Daga nan a wuce da ita ruwan asid, a jefa ta cikin manyan gangunan katako masu juyawa tare da sinadarin kurom, ta fito shuɗi-shuɗi, ba ta ƙara ruɓewa. Abin da bagaruwa ke yi a kwanaki, kurom na yin sa a yini guda, shi ya sa duniya ta koma kansa. Sai dai kusan kashi ɗaya bisa uku na kurom ɗin da aka zuba ba ya kama fata, ruwa yake bi. Ruwan kuma ba kaɗan ba ne, tan ɗaya na ɗanyar fata kan ci lita 30,000 ko fiye kafin a gama da shi.

Akwai kuma wani abu da ma'aikatan jima suka sani tun kafin mu zo da littattafanmu. Ruwan cire gashi da ruwan kurom maƙiyan juna ne. Idan suka haɗu a kwata ɗaya, tsamin na biyun kan saki wata iska daga salfayid mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. In ta yi yawa hanci daina jinta yake yi, mutum ya ɗauka ta wuce, kuma a nan take kashe wanda ya shiga rami don yashewa. Saboda haka zanenmu ya raba ruwan tun daga bakin ganga, kowanne da bututunsa. Ruwan kurom a kai shi tankinsa, a zuba masa abin da zai kashe tsaminsa, kurom ɗin ya kwanta ƙasa kamar kamu, a kwashe shi a narkar da asid a mayar da shi ganga, wato Alhaji ya rage sayen sabo. Ruwan salfayid a yi ta hura masa iska har dafinsa ya mutu. Bayan haka ne za a haɗa su a babban tanki, a bari datti ya kwanta, a wuce da ruwan wurin ƙwayoyin bakteriya masu cinye sauran ƙazanta. Lakar da ta rage a shanya ta, a binne a ramin da aka shimfiɗa wa roba mai kauri don kada ta tsiyaya cikin ruwan ƙasa.

Na tsawaita a nan da gangan, don ku san inda ainihin haɗarin yake, ku kuma san inda ido ya kamata ya fara sauka. Ku san kuma inda ruwan ke zuwa. Na Bompai na bin rafin Getsi ya faɗa Jakara har madatsar Wasai. Na Sharaɗa na bin Salanta zuwa kogin Challawa, inda na masana'antun Challawa ma ke sauka. A bakin waɗannan rafuka akwai masu lambu da ke ban ruwan latas da kabeji da alayyafo da karas duk rani, kuma kasuwannin birni suke kawowa. Tun abin da ya faru a Zamfara a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ba na jin wani mai hankali zai ƙara raina maganar ƙarfe mai guba a cikin ƙasa da ruwa.

Mun yi abin da ƙa'ida ta ce. Mun ɗebi samfurin ruwa da ƙasa da iska da rani, muka sake ɗiba da damina, domin rafin da ka gani a watan Maris ba shi ne na Agusta ba. Muka kai ɗakin gwaje-gwajen da hukuma ta amince da shi, muka zauna da masu unguwa da masu lambu, muka rubuta rahoto mai kaurin bulo, muka buga kwafi-kwafi muka kai. Sai jira.

Da amsa ta zo, tsokaci ne sama da arba'in. Na zauna da daddare da shayi zan bi su ɗaya bayan ɗaya, ina murna an karanta. Na uku ko na huɗu ya ce a bayyana tasirin aikin a kan itatuwan nan na bakin teku masu tsirowa cikin ruwan gishiri, a kuma faɗi matakin da za a ɗauka idan ɗanyen mai ya malala. A Kano. Teku mafi kusa da mu tafiyar kusan kilomita dubu ce a mota. Ba sai an gaya maka ba, daga bitar wani aikin mai na Neja Delta aka kwafo jimlar aka liƙa mana. Wani tsokacin ya ce babu taswirar magudanan ruwa, alhali tana babi na 3, ta cinye shafi guda ita kaɗai. Wani ya ce launin bangon rahoton bai dace ba. Wani ya ce a ƙara girman haruffa. Ɗaya ya ce rahoton ya yi tsawo a rage shi, mai bi masa ya nemi a ƙara babi biyu. Na karanta har ƙarshe ina neman wanda ya taɓa maganar raba ruwan salfayid da na kurom, ko girman tanki, ko abin da zai faru ranar da aka ɗauke wuta injin hura iska ya tsaya, ko inda laka za ta. Ko ɗaya babu.

A irin wannan hali ba a fushi a takarda. Akwai wani salon rubutu da muka ƙware a kansa, na amsa wa wanda bai karanta ba cikin ladabin da ba zai ji an ce bai karanta ba. Sai ka rubuta cewa an gode da wannan muhimmin tsokaci, kuma ana jan hankalin mai bita zuwa shafi kaza. Maganar itatuwan teku ma sai da na amsa ta da cikakkiyar jimla, cewa binciken da aka gudanar bai nuna akwai su a yankin ba. Ina rubutawa ina dariya ni kaɗai, irin dariyar da ta fi kuka ciwo. Muka canza bango, muka ƙara girman haruffa, muka sake buga kwafi-kwafi.

Kafin mu mayar, an yi wa wanda ke riƙe da fayil ɗin canjin wurin aiki. Sabon da ya karɓa bai ga amsoshinmu ba, ko ya gani bai ga dalilin da zai ɗaure kansa da ra'ayin wanda ya gabace shi ba, sai ya fara daga farko. Babi biyun da aka ce a ƙara, shi ya ce ba su da amfani. Wannan ita ce cutar da ta fi kowace a harkar: babu ranar da za a ce an rufe tsokaci. Kowane zagaye na iya haifar da sabo, kuma ba wanda zai ce wa mai bita ai wannan da ka faɗa tun farko.

Cikin sababbin akwai wanda ya sa na yi tattaki har ofis. Ya ce dole ruwan da zai fita daga matatar kada kurom ɗinsa ya wuce miligiram 0.05 a kowace lita. Wannan adadi gaskiya ne, amma na ruwan sha ne, shi ne ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar. Ruwan da masana'anta ke saki yana da nasa ma'aunin, kuma tun 2009 akwai ƙa'idar da aka yi musamman don masana'antun yadi da fata. Na same shi a bayan teburin da fayiloli suka kusa ɓoye shi. Bayan gaisuwa na ce, "Ranka ya daɗe, ina ganin ma'aunin ruwan sha ne ya shigo nan." Ya ɗago ya ce, "To Injiniya, mutanen ƙasa da ku ba sa shan ruwan rafin ne?"

Tambayar ta mutum mai zuciya ce, kuma ban raina ta ba. Amma ga abin da na yi ƙoƙarin fahimtar da shi, wanda har yau nake kai. Idan ka nemi abin da matatar irin wannan ba za ta iya ba, ba za ka samu ruwa mai tsabta ba, za ka samu takarda mai tsabta. Wani zai rubuta maka 0.05 ɗin da kake so, ya sa hannu, a buga hatimi, ruwan kuma ya ci gaba da fita yadda yake. Adadin da za a iya cimmawa, a kuma zo a auna a kama wanda ya karya, ya fi wa mai lambu amfani sau dubu. Ya saurare ni da kyau, ya ce in rubuto a takarda. Na rubuto. Wata biyu.

Sai maganar rijiyoyi. Ya nemi a ƙaro samfurin damina daga wasu rijiyoyi biyu da ke gabas da masana'antar. Buƙatar ba ta da laifi ko kaɗan, da an faɗe ta a zagayen farko aikin kwana biyu ne. Wasiƙar na ɗauke da kwanan watan Yuli, amma a Oktoba ta iso hannunmu. Duk wanda ya san Kano ya san a Oktoba ruwa ya ɗauke. Samfurin damina kuwa ba a ƙirƙirarsa, sai dai a jira wata daminar. Wata uku da takarda ta yi tana yawo tsakanin tebur da tebur sun zama kusan shekara a wurinmu. Duk tsawon wannan lokaci, kowace safiya in na je masana'antar sai na tsallake kwatar nan, ruwanta wani lokaci shuɗi, wani lokaci baƙi, yana gangarawa inda ya saba.

Abin da masu bita ba sa gani daga ofis shi ne abin da jinkiri ke yi wa zuciyar mai kuɗi. Injinan hura iska da famfuna daga waje ake sayo su, kuma kowane wata naira na ƙara faɗuwa. Ran nan Alhaji ya kira ni ya ce, "Injiniya, maƙwabcina ya ƙara ganguna huɗu bara, bai nemi izinin kowa ba, ba wanda ya ce masa kanzil. Ni da na kai kaina, ni ake wahalarwa." Ban da amsar da zan ba shi. Darasin da tsarin ke koya wa masu masana'antu kenan, wanda ya yi sallama shi ake tsarewa a zaure, wanda ya haura katanga yana ciki yana cin tuwo. Don adalci, ba wanda ya taɓa neman ko sisi a hannuna a kan wannan fayil. Na faɗi haka ne domin na san abin da wasunku ke shirin rubutawa a ƙasa. Ba kullum cin hanci ne ke riƙe aiki ba, wani lokaci rashin mai cewa "ya isa haka" ne kawai.

Daga nan Alhaji ya fara yanke-yanke. Ya ce tunda kuɗin sun ƙaru, a cire ɓangaren dawo da kurom, a bar shi sai gaba. Ramin laka mai roba ma ya ce a bari, akwai masu zuwa da kura suna kwashe lakar kyauta, wai taki suke yi da ita. Na gaya masa ba zan sa hannu a kan haka ba. Amma ni ɗan kwangila ne, shi ke biyana, kuma garin cike yake da masu sa hannu. A wannan gaɓar babu abin da nake buƙata a duniya kamar mai bita mai tsanani, wanda zai tsaya a bayana ya ce wannan ba zaɓi ba ne. Ga shi abubuwa biyun da suka fi komai muhimmanci a zanen suna shirin zamewa, kuma cikin tsokaci kusan saba'in da aka yi mana zagaye biyu babu wanda ya kare su, domin babu wanda ya lura da su.

Allah ya kawo ta a zaman kwamitin ƙarshe. Irin wannan zama akan gayyato masana daga waje, kuma cikinsu akwai wata farfesa, dattijuwa, masaniyar sinadarai. Tun ana gobe zama ta ce a kai ta masana'antar. Sauran sun tsaya a ofishin manaja inda akwai sanyi da lemo. Ita ta sa takalmin roba ta ce mini, "Ɗana, nuna mini inda ruwan ke fita." Muka bi kwatar da ƙafa har bayan katanga. Ta ga tulin tsohuwar laka, ta ga inda aka cinna wa tarkacen fata wuta a gefe, ta tsaya ta daɗe ba ta ce komai ba.

Washegari a zauren otal, bayan an gama gabatar da manyan baƙi, wanda shi kaɗai ya ci kusan awa guda, sai ta buɗe rahoton a shafin da ta naɗe. Ba ni ta tambaya ba, Alhaji ta fuskanta. Ta ce, "Alhaji, wannan ramin lakar da ke cikin zane, za ka gina shi ko a takarda zai tsaya?" Ya fara zancen tsadar kaya. Ta bar shi ya gama, sannan ta yi masa bayanin da na yi masa sau uku bai ji ba. Kurom iri biyu ne, masana na kiransu na uku da na shida. Na uku shi ake jima da shi, kuma dafinsa da sauƙi. Na shida shi ne mugun, yana jawo ciwon daji. Idan aka ƙona laka ko tarkacen fata mai kurom, musamman in akwai farar ƙasa a ciki, na uku na iya rikiɗewa ya koma na shida. Ta ce abin da ta gani jiya a bayan katangarsa kenan. Ta kuma tambaye shi ko zai yarda a zuba wannan takin a gonar da 'ya'yansa ke ci. Zauren ya yi tsit.

Tsokacinta shida ne kacal. Kowanne da lambar shafi, da dalili, da abin da in an yi shi magana ta ƙare. Biyu daga ciki suka zama sharaɗin amincewa: ramin laka mai roba, da dawo da kurom. Ɗaya ya nemi a ware wa injinan hura iska janareta nasu na kansu, a rubuta shi cikin sharuɗɗa yadda ba za a karkatar da shi wani wuri ba. Na fita daga zauren ina jin kamar an sauke mini dutse. Abin da ya rage mini a rai shi ne, wannan aikin na yini biyu ne, kuma ba abin da ya hana a yi shi tun watan farko sai tsarin da ya ajiye mai zuwa bakin kwata a ƙarshen layi.

Akwai wani ɓangare da ya shafe ku kai tsaye a matsayinku na marubutan Hausa. Ƙa'ida ta ce a baje rahoton a bainar jama'a na kwanakin aiki 21, a wurare irin su sakatariyar ƙaramar hukuma, a kuma sanar a jarida da rediyo, don duk mai ƙorafi ya rubuto. Tunanin mai kyau ne. Amma rahoton da Turanci yake, Turancin ma na injiniyoyi, ɗaruruwan shafuka. Na leƙa inda aka ajiye namu, na tarar da shi a kan kabad, littafin sa hannun masu karatu fari fat. Saboda haka muka rubuta taƙaitawa ta shafi huɗu da Hausa, muka raba wa masu lambu, muka sa kwafi a bayan rahoton. Cikin tsokacin zagaye na biyu akwai wanda ya ce a cire ta, wai ba ta cikin tsarin da aka saba. Daga rahoton muka cire, daga hannun mutane kuwa ta riga ta tafi.

Ita ce ta kawo wani dattijo mai lambu zaman kwamitin, da takardar a ninke cikin aljihu, jikansa ya karanta masa. Da aka ba shi dama ya ce, "Yallaɓai, mu ba sai an auna mana ba. Ranar da suka saki shuɗin ruwa mun sani, don ganyen latas ƙonewa yake." Sannan ya yi tambayar da ba ta zo a tsokacin kowa ba. Ya ce ya ji an ce za a riƙa mayar da wani ruwan cikin masana'anta, to da rani su da me za su yi ban ruwa? Wato wannan ruwan mai dafi shi ne dai ruwan da suke da shi daga Janairu zuwa Mayu, kuma tsoron rasa shi ya fi musu tsoron abin da ke cikinsa. Muka nuna masa cewa ruwan kurom kaɗai za a tsare, mafi yawan sauran zai ci gaba da sauka, a tace. Ya ce to sai ya gani.

Ba na son in tashi ban faɗi nasu uzurin ba. Mutumin nan na bayan tebur yana da fayil na hanya, da na madatsa, da na gidan mai, da na masana'antar siminti, duk a mako guda, kuma ba mai iya sanin duka. Sau da yawa ba motar zuwa ganin wuri sai wadda mai aikin ya kawo, ka ga kuwa wanda ya ɗauko ka a motarsa da wuya ka tsananta masa. Sannan sa hannu abin tsoro ne. Idan ya amince wani abu ya faru, sunansa za a nemo. Idan ya ƙara tsokaci goma ya mayar, ba wanda zai taɓa tuhumarsa, domin ba a rubuta sunan kowa a kan ruwan da ya gangara lokacin jira. Ga kuma 'yan sana'armu da suka ɓata mana suna, masu ɗauko tsohon rahoto su canza sunan gari su miƙa, har akan tarar da sunan tsohon garin a shafi na tsakiya. Wake ɗaya ke ɓata gari, balle waken da yawa. Wanda ya saba karɓar kwafe ba abin mamaki ba ne ya mayar da kwafe.

An gina matatar bayan damina biyu. Ramin laka na nan da robarsa, kuma Alhaji da kansa yanzu yake faɗa wa abokansa yawan kurom ɗin da ya daina saya. Duk wata uku muna auna ruwan mu aika sakamako kamar yadda sharaɗi ya ce. Kurom ya sauka, salfayid ya sauka, warin ma ya ragu. Gishiri ne ya ƙi. Irin wannan matata ba ta cire shi, sai dai a rage shi tun daga tushe, a kakkaɓe fata sosai kafin a jiƙa, kuma ma'aikata na yi yau su bari gobe. Gishiri kuwa shi ke kashe ƙasar lambu a hankali. A kowane rahoto nakan ja wa wannan layin jan biro, in rubuta a gefe cewa yana buƙatar kulawa, da fatan wani zai kira Alhaji ya tsananta masa. Na aika sau biyar yanzu. Amsa ɗaya na samu, ta ce a riƙa turo kwafi uku maimakon biyu.